Babanmu da Shirun Mutanen Japan

In kana da waya a Jos, kuma ka taɓa kai ta shago a tura maka fim mai fassara, to ka san muryar Babanmu ko da ba ka san fuskarsa ba. Datti Mai Fassara ake ce masa a unguwar Kwararafa. Shi ne jarumi, shi ne bos, shi ne budurwa, shi ne kakar budurwa, in kare ya yi haushi a fim ma sai ya gaya maka abin da karen yake nufi. Ba ya jin Indiyanci, ba ya jin yaren China, Turancinsa kuma bai fi nawa ba, ni kuwa na sallami makaranta tun kafin ta sallame ni. Fuska yake karantawa. Tun yana yaro yake zama a tsakiyar benci a sinimar unguwa yana yi wa manya bayanin fim, su saya masa gyaɗa. Da sinima ta mutu ya koma kaset, da kaset ya mutu ya koma wani ɗan shago mai kwamfuta ɗaya da makirfo da aka naɗe wa kai da soso. Ni Salim, ɗansa na biyu, ni nake haɗa sauti ina rarraba wa masu tura finafinai.

To wannan mutumin da yake magana da bakin gari guda a shago, in ya shigo gida maganarsa ba ta wuce “An ci abinci?” da “A rufe ƙofa.” Umma Suwaiba ta ce ita in tana marmarin hira da mijinta sai ta kunna fim.

Yaya Mahdi ne babba a gidanmu. Ya gama poli, ya zaga Jos da takardu har takalminsa ya buɗe baki, aiki bai samu ba. Wani abokinsa ya kai shi wani gida a Daɗin Kowa, ba masallaci ba ne, ba coci ba, wani mutum ne kawai da suke kira Jagora. Mabiyansa fararen kaya suke sawa, su aske kai tal, a karɓe musu waya, a raɗa musu sabon suna, a koya musu cewa dangi kaya ne mai nauyi da ke hana mutum ɗagawa. Da farko ran Asabar kawai yake zuwa. Daga baya ya ɗauki jakarsa. Umma ta bi shi, ya fito bakin get ya tsaya yana kallonta, ta dawo ido a kumbure. Ni ma na je, ya kalle ni kamar yadda ake kallon falwayar wuta. Baba ne kaɗai bai taka ƙafa can ba. In an yi masa magana ya ce, “Zai dawo,” ya tura hularsa gaba ya fita.

Ana cikin haka wani mai shago a Bukuru ya aiko mana da fim ɗin Japan, ya ce na tsoro ne, samari suna nema. Na kalla tun kafin Baba, kuma wallahi na ji tsoro, alhali babu aljani ko ɗaya, babu jini. Gida ne tsaf, uba da uwa da ’yarsu suna cin abinci, ba ka jin komai sai ƙarar tsinken da suke ɗaukar shinkafa da shi. Kowa na kallon kwanonsa. ’Yar ta fara zuwa wajen wasu mutane masu murmushi iri ɗaya a wani gida a bayan gari, kullum ta dawo fuskarta ta ƙara zama allo. Uban yana gani, ya buɗe baki, ya rufe. Shirun ne yake cinye ka a hankali.

Na ce, “Baba, wannan aikin mai sauƙi ne. Inda suka yi shiru ka yi shiru.”

Ya kalli fim ɗin har ƙarshe, hula a hannu. Ya ce, “Kunna makirfo.”

Jama’a, Baba bai bar rami ɗaya na shiru ba. Uban Japan yana zaune bakinsa a rufe gam, muryar Baba tana zuba: “Ke yarinya, ƙara miya mana. Kin tuna ranar da na goya ki a keke zuwa Bukuru taya ta yi faci muka tako?” Na dakatar da fim ɗin.

“Baba, bakinsa fa ba ya motsi.”

“A zuci yake yi.”

“Wane Bukuru kuma a Japan?”

“Su ba su da Bukurunsu ne? Kai dai ka danna abinka.”

Na danna. Uban Japan ya ci gaba. Ya ba ’yarsa haƙuri kan ranar da ta gama poli bai je ba. Ya ce ya ga takalminta ya yage ya kasa cewa komai don kunyar ba shi da hanyar sama mata aiki. Ya ce har yau uwarta tana zuba gwate a kwanonta ta rufe. Yarinyar fim ɗin ’yar sakandare ce, wane poli? Aikin yini ɗaya muka yi ta maimaita shi har mai shagon Bukuru ya gaji da kira. Na ce, “Baba, Daɗin Kowa fa ba Japan ba ce. Keke napep ɗaya ne zai kai ka. Je ka faɗa masa a gabansa.” Ya ce, “In je in ce me?” Mutumin da ya cika fim ɗin mutane da surutu har waƙar ƙarshe, wai ya je ya ce me. Na tuna masa an karɓe musu waya. Ya ce fim ba ya rasa hanyar shiga gida.

Fim ya fita. Ya shiga kowane gida a Jos ban da wanda aka yi shi dominsa. Samari suka zo shago suna masifa, wai sun nemi abin tsoro an ba su zaman sulhu. A kasuwar Terminus wani mai keke ya tare ni yana dariya, “Oga, yaya faci? Kun iso Bukuru kuwa?” Asirin gidanmu kaf, har da gwaten Umma, yana yawo a memori. Na daina bin babban titi.

Mama Ana ce ta kawo ƙarshen abin. Maƙwabciyarmu ce, tana sayar da dankali, ’yarta Yael ma tana wancan gidan na Jagora. Da hantsi ta shigo shago ko zama ba ta yi ba.

“Oga Datti, na ga fim naka. Ka sa ni kuka a gaban kwastoma. Amma kai wane irin mutum ne? Kana yi wa ɗan Japan magana, naka yaro yana nan kusa? Ni duk sati ina zuwa ina tsayawa a get. Tashi, keke yana waje.”

Baba ya fara laluben wani aiki a kwamfuta. Ta cire masa wayar wuta daga bango. Haka muka tafi, ita a gefe, ni a gefe, shi a tsakiya kamar wanda aka kamo.

A get ɗin aka ce Yael tana zaman shiru, ba za ta fito ba. Mama Ana ta zauna a kan dutsen da ta saba zama. Aka fito da Yaya Mahdi, kai a aske, ya rame, wani mai murmushi yana tsaye a bayansa. Ya kalli Baba. Baba ya kalle shi. Ya buɗe baki, ya rufe. Na ce a raina shi ke nan, mun biya kuɗin keke mun zo kallon fim ɗin da muka riga muka gani.

Sai dai Baba bai taɓa iya zama gaban fuskar da ta yi shiru ba. Na ga yana karkata kai yadda yake yi a gaban kwamfuta. Can sai ga wata siririyar murya ta fito daga bakinsa: “Baba, sannu da zuwa, ya hanya?” Ya amsa da tasa: “Lafiya lau, Mahdi.” Siririyar: “Baba, wallahi abincin nan ba gishiri, kuma askin nan sanyin Jos yana shiga har ƙwaƙwalwata.” Tasa: “Ai na gani, kanka kamar dankalin Mama Ana.” Ya yi ta yi, ya tambayi kansa ya amsa, ya ba kansa haƙuri ya yafe wa kansa, har da faci da poli. Mai murmushi ya daina murmushi. Masu wucewa suka tsaya. Ni dai na nemi ƙasa ta tsage.

Da siririyar muryar ta fara shessheƙar kuka tana cewa, “Baba, ina kewar Umma,” sai leɓen Yaya Mahdi ya motsa.

“Ni ba haka nake magana ba.”

“To yaya kake magana? Ni rabon da in ji ka na manta.”

“Yaushe ka taɓa tsayawa ka ji? Kuma ba Bukuru ba ne, hanyar gidan zoo ce. Kuma ni na tura keken, kai kana gaba kana gaisawa da mutane.”

“Bukuru ne.”

“Baba, gidan zoo ne!”

Baba ya juya ya fara tafiya yana cewa Bukuru. Yaya ya biyo shi sanye da silifa yana cewa gidan zoo. Mai murmushi ya kira shi da sabon sunan, bai waiga ba, gardama ta yi zafi. Har bakin titi. Baba ya shiga keke ya ce, “A tambayi uwarka.” Yaya ya tsaya, ya dubi get, ya dubi keken, ya ce, “A tambaye ta.” Ya shiga. Mama Ana ta ce mu tafi, ita da sauran zama, amma Oga Datti ya shirya, sati mai zuwa muryar Yael zai yi.

Umma ta ce ita ba ta san da wani faci ba, ta buɗe kwanon gwate ta ajiye. Yaya yana gida har yau, gashi ya fara fitowa, wani lokacin yakan zauna ya ƙura wa bango ido. Baba kuwa jiya ya shigo, ya dube shi, ya dube mu, ya ce, “An ci abinci?” Na kusa jifan sa da makirfo.