Da Sauƙi, In Ji Husseina Mai Kitso

Duk matar Bahaushen da ta zauna a Alƙahira, daga unguwar Faisal har ta Madinat Nasr, kanta ya bi ta hannun Husseina mai kitso. 'Yar Malumfashi ce. Mijinta Malam Bukar ne ya kawo ta da ya zo karatu, ciwon hanta ya ɗauke shi bai gama ba. Aka ce ta koma gida, ta ce gidan wa? Ta zauna a ɗakinta na hawa na biyar, da kibiyarta da matajinta, tana bin matan ɗalibai da na ma'aikatan ofishin jakadanci gida-gida. Shekara goma sha huɗu yatsun nan ne ke ciyar da ita, ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba.

A 2013, da rana tsaka, motar kaya ta wani kamfani ta bugi ƙaramar bas ɗin da take ciki. Hannunta na dama ya maƙale tsakanin kujera da ƙofa. Likita ya ɗora ƙashi, ya ce jijiya ta yanke, sai an yi mata aiki, in aka ja lokaci yatsu uku sun tafi ke nan. Kamfanin inshorar motar ne zai ɗauki nauyin aikin, in ya yarda.

Ofishinsu sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, ko ƙamshin shayi babu. Wani Bamisire mai ladabi, Ustaz Haisam, ya juyo mata da fuskar kwamfuta. A ciki akwai hoton mutum tsaye, ba ido, ba baki, ba namiji ba, ba mace ba. Hannunsa na dama ja ne jajir.

“Ke ce wannan, ya Hajja,” in ji shi.

Ya ce ba shi ke yanke hukunci ba, ba kuma manajansa ba. Na'urar ce. An zuba mata labarin dubban hannuwa da suka karye a ƙasashen waje, ita ke duba su ta faɗi abin da nata ya cancanta. Husseina ta tambaye shi, masu hannuwan suna raye? Ya yi murmushi ya ce bai sani ba.

To ga inda aka cuce ta. Duk wata sai ta je, sai ya tambaye ta yaya hannu. Ku faɗa min, wace 'yar mutunci ce za a ce mata yaya jiki ta buɗe baki ta ce ya yi tsanani? Uwarta ana saura kwana ɗaya ta rasu cewa take da sauƙi. Malam Bukar, idonsa ya yi ɗorawa, cewa yake da sauƙi. Sai Husseina ta juya maganar da Larabcinta na kasuwa: “Alhamdu lillah, ahsan.” Haisam ya danna. Zuwa na biyu hannun hoton ya koma ruwan ɗorawa. Zuwa na uku ya zama kore shar, kamar ganyen alayyafo. Nata kuwa yana kwance a cinyarta, sanyi ƙalau, yatsu uku sun lanƙwashe ciki, ko allura aka soka ba ta ji.

Takarda ta biyo ta gida. Maƙwabciyarta Mardiya, matar wani malami wadda ta iya Larabcin littafi, ta karanta ta dafe ƙirji.

“Yaya Husseina, wai kin warke! Me kika ce musu?”

“Abin da ake cewa.”

“Ana gaida ki ne? Na'urar nan akwati ce fa! Akwati kike jin kunya? Gobe ki je ki ce babu sauƙi, ki yi musu kuka da majina, ni zan raka ki.”

“Da bakina zan ja wa kaina?”

“Saura me kuma ba ki jawo ba?”

Suka je. Haisam ya yi tambayarsa. Husseina ta buɗe baki, harshen ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Mardiya ta taka mata ƙafa. Da ƙyar maganar ta fito, da Hausa ma ta fito, cikin wata murya da ita kanta ba ta san ta ba: “Babu sauƙi.” Mardiya ta fassara, ta ƙara nata a kai.

Haisam ya danna. Ya sake dannawa. Hannun nan na nan kore. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, na'urar ba ta komawa baya. Wanda ya ce ya ji sauƙi sau uku, ta rufe shi. Husseina ta ɗaga hannun da na hagu ta ajiye masa a kan tebur, ya yi ƙara kamar an ajiye kifi. Mutumin ya kau da kai.

“Ba wata hanya ke nan?” in ji Mardiya.

“Sai dai a buɗe sabon fayil.”

“To buɗe mana!”

“Sabon fayil sai da sabon rauni, ya madam.”

Haka ya faɗa, da ladabinsa, ya kuma yi musu Allah ya sawwaƙe.

Da suka sauka a bakin titin Faisal, motoci na gudu kamar kullum, ba mai tsaya wa wani. Husseina ta tsaya tana kallon su. Mardiya ta rantse da Allah cewa da idonta ta ga yatsun nan uku, da wata huɗu ba su motsa ba, sun miƙe a hankali suna nuna titi. Ta damƙe hijabin Husseina ta baya, ba ta saki ba sai da suka hau bene.

Ba a yi aikin ba. Tun daga ranar Husseina ba ta tsallaka titi ita kaɗai, kuma in za ta fita sai ta ɗaure hannun a ƙirji da ɗankwali, ƙulli biyu. Ta ce wa Mardiya ita dai ba ta da niyyar komai. Hannun ne ya ji abin da aka ce.