Hoton da Muka Kai Gidan Marke

Gyadi-Gyadi

Ana sallame sallar asuba na fito daga gida, ranar wata Lahadi, sanye da tsohon kakina da ya matse ni a ciki. Shekara shida ke nan da gama yaƙin basasa, tun da aka sallame ni tifa nake tuƙawa, kakin yana ƙasan akwati. Alhaji Sambo ɗan kwangila ne ya aiko in saka shi. Wai zai je ƙauyensu, Gidan Marke, taron tunawa da wani sojan garin da ya rasu a bakin daga, yana son tsohon soja a cikin tawagarsa.

Da farko na ce wa ɗan aiken ni ba kayan ado ba ne. Sai ya ambaci sunan mamacin, Habu. Na ce, "Wani siriri mai zane a kumatu?" Ya ce shi ne. Na ce zan je.

Tare muka shiga soja da Habu, a hannuna kuma ya cika. A soja sunan unguwar da aka ɗebe ka ake liƙa maka, don haka Habu Gyadi-Gyadi muke ce masa, abin da na sani game da garinsu shi ne yana bayan Wudil. Kafin ya cika ya roƙe ni kada in bari a zuba shi a rami ɗaya da jama'a, in kuma nemi tsohuwarsa in gaya mata yadda aka rufe shi. Na farkon na yi. Na biyun na yi ta cigiya a tashar Wudil har na gaji. Wannan saƙon ne ya fito da ni, ba Alhaji ba.

Tarauni

Da ƙafa na taka zuwa gidan Alhaji. An ce ƙarfe bakwai za a tashi, sai da hantsi ya dubi ludayi mai gidan ya fito, turarensa ya riga shi isowa. Ina ganin zauren na gane shi, don Habu ya sha kwatanta min. A nan ya sauka da ya zo cin rani, a nan kuma Alhaji, ɗan garinsu mai kuɗi, ya sa aka watso masa tabarma waje, wai baƙi na kunya suna zuwa. Daga nan ya koma kwana a garejin Gyadi-Gyadi, daga gareji sai soja. Yanzu ana maganar zaɓen kansiloli, Alhaji ya tuna yana da ɗan gari.

Aka fito da wani ƙaton hoto cikin gilashi. Alhaji ya juyo da shi wajena yana murmushi.

"Kofur, ka gane jarumin namu?"

"Ranka ya daɗe, wannan ba Habu ba ne. Wannan saje ne, ga igiya uku, ga gashin baki. Habu ko igiya ɗaya bai samu ba."

"Soja ai soja ne. Mai hoton ya ce wannan ya fi kwarjini. Wa zai tantance a ƙauye?"

Ya shige baƙar motarsa shi da direba. Mu sauran, da maroƙinsa da buhun shinkafa, aka cusa mu a ƙaramar bas. Ni aka ɗora wa hoton a cinya.

Mariri zuwa Wudil

A shingen Mariri ɗan sanda ya leƙo, ya ga kaki, ya ga hoton, ya ƙame ya sara wa sajen da babu wanda ya san ko ɗan wace ƙasa ne. Maroƙi ya ga abin ya karɓu, sai ya fara gwada muryarsa: Habu gagarabadau, Habu mai korar dubu, yaron Alhaji. Direban bas ya ce, "Malam, ka bari mu isa mana, kada man ya ƙare tun a hanya."

A Wudil muka tsaya kusa da gada. Na sayi koko da ƙosai na sule ɗaya, ban kai ga sha ba aka ce Alhaji na kira. Na same shi a mota yana cin soyayyen kifi, gilashi a sauke rabi.

"In an kira ka, ka ce shi kaɗai ya ƙwace wata gada. Ka ce kafin ya cika ya ambaci sunana."

"Ya ambata kuwa, ranka ya daɗe, sau da yawa."

Ya ji daɗi har ya miƙo min kan kifin. Bai tambaye ni da wane irin kalami Habu yake ambaton nasa ba. Gaskiyar maganar, Habu bai ƙwace gadar kowa ba. Ruwa aka aike shi ɗebo wa kuku a rafi, da bokiti biyu, harsashin igwa ya faɗo kusa da shi. Na tarar da shi bokiti ɗaya yana hannunsa.

Gidan Marke

Daga kwalta muka saki hanya muka bi burji, daga burji sai yashi. Motar Alhaji ta kafe, muka sauka muka tura, shi yana ciki yana ba da umarni. Mun shiga gari daf da azahar.

An kafa rumfa a ƙofar gidan mai gari. Bayan salla Alhaji ya miƙe. Ya ce Habu ɗansa ne, a gidansa ya zauna, shi ne ma sanadin shigarsa soja. Wannan ta ƙarshen dai babu ƙarya a cikinta. Ya share ido da bakin rawani, na duba da kyau ban ga danshi ba. Da aka kira ni na miƙe na ce, "Habu mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa," na koma na zauna. Alhaji ya harare ni kamar na ci masa bashi.

Kusa da ni akwai wani dattijo, Malam Idi, ƙanin mahaifin Habu. Na raɗa masa cewa ina da saƙo wajen tsohuwa. Ya ce, "Sai ka yi dabara. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba. Ranar da labari ya zo, daka take, ba ta ajiye taɓarya ba. Ba za ta tambaye ka ba, ko da abin zai kashe ta."

Alhaji ya matsa sai an kai wa uwar hoton a gaban jama'a. Aka ɗunguma zuwa ƙofar gidan, aka fito da Inna Dije, 'yar ƙaramar tsohuwa, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Aka miƙa mata hoton. Ta karɓa, ta janye mayafin, ta zuba wa sajen ido. Ta dube shi sama da ƙasa, ta daɗe tana kallo, har ta sa gefen zane ta goge gilashin. Matan da ke bayanta suka fara rufe baki, tsofaffi suka sunkuyar da kai. Duk wanda ya tashi a garin ya san da ɗanta ne da ba ta ko kalli inda yake ba.

Alhaji ya juya wajen jama'a. "Kun gani ko? Uwa ba ta ɓatan ɗanta."

Inna Dije ta ce, "Allah sarki, ɗan mutane. Ku bar min shi nan."

Ana can ana rabon shinkafa Malam Idi ya shigar da ni cikin gida. Tana zaune a bakin murhu ta ba mu baya. Na durƙusa na gaishe ta, ya ce mata wannan tare suka yi aikin soja da yaron nan. Ba ta juyo ba. Ta ɗauki itace tana tona wuta, can ta ce, "Ku sojan nan, in ɗayanku ya faɗi a can, ana samun mai haƙa masa?"

"Wani ana samu, Inna. Akwai wanda ni na haƙa masa da hannuna, shi kaɗai, a gindin wata bishiya. Muka yi masa salla, akwai malami a cikinmu."

"Gabas ya kalla?"

"Gabas ya kalla, Inna. Shi ya ce in zo in gaya miki."

Ta ajiye itacen da ke hannunta. Ta ce hayaƙin nan ya dame ta, ta goge fuska. Wutar kuwa garwashi ce zalla. Sai ta ce, "Ka tsaya ka ci tuwo. Miyar kuka ce, ban sani ba ko kai ma kana so."

Na zauna na ci. Da zan fita na ga ta jingine hoton a cikin ɗaki. Ta ce, "Wancan kuma shi ma akwai wadda ta haife shi. Ban san ko an gaya mata ba. Zan riƙa sa shi a addu'a."

Komawa

Mun baro garin bayan la'asar. A Wudil Alhaji ya sake tsayawa sayen kifi, yana ba masu kifin labarin yadda tsohuwa ta rungume hoton ɗanta ta ƙi saki. Ya ce da ni ban iya magana a taro ba, ba zai ƙara gayyatata ba. Na ce na gode.

A Tarauni aka sauke mu, na tako zuwa Gyadi-Gyadi ana kiran magariba. Na cire kakin na mayar da shi ƙasan akwati. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Idi. Alhaji ma na gode masa, don a iya sanina wannan ne karo na farko da ya yi wa Habu wani amfani, shi ma bai san ya yi ba.