Allurar da Ake Yi Kafin Ciki Ya Shiga

Ko zan tsufa har in riƙa neman carbina alhali yana wuyana, ba na jin zan manta ranar da na tafi Gummi neman allurar mura, saura ƙiris in dawo da ta hana haihuwa. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A wani ƙauye muke tsakanin Bukkuyum da Gummi. Bokona bai wuce aji huɗu ba, sai karatun allo. A lokacin ɗiya ɗaya gare ni. Bayan na yaye ta na sami ciki na biyu, yana wata biyar mura ta kama ni a tsakiyar damina. Ba irin wadda ake korawa da citta da kanumfari ba ce. Kwana shida na yi a kwance, jiki kamar garwashi, ƙasusuwa kamar an zuba su a turmi. Ran na bakwai cikin ya zube. Unguwarzoma ta ce namiji ne, ni dai ban duba ba. Kowa ya ce Allah ya kawo mai amfani, na ce amin. Daga ranar na zama abin dariya a gida, don ko a zaure wani ya yi atishawa, ina daga ɗaka zan ja mayafi in toshe hanci. Mu da muka tashi muna ganin ana kwasar ƙannenmu zuwa asibiti lokacin gubar dalma, ba sai an koya mana tsoro ba.

Wata rana ina surfen gero, rediyon maigidana na rataye a jikin danga, sai na ji wata likita tana cewa akwai allurar rigakafin mura, kuma mace mai neman haihuwa ya kamata ta san da ita. Daidai nan akuya ta tsoma baki a ƙwaryar gerona, na bi ta da taɓarya. Ko da na dawo an koma gaishe-gaishe. Kalma uku na tsira da su, allura da mura da ciki, sauran kuwa na cike da kaina irin na manyan malamai. Na yanke cewa lallai kafin ciki ya shiga ake yin ta, in ya riga ya shiga an makara. Sai na koma kwana da tsoro biyu, kada ya shiga ban yi allura ba, kada kuma ya ƙi shiga.

Da na nemi izini wurin maigida ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tunda mura ta sami allura, saura ta hamma. Amma ya ba ni kuɗin mota, na bi motar ’yan kasuwa.

A asibitin da na je, namiji ne a tagar ba da kati, ga maza a bayana cikin layi. To ni ta ina zan fara gaya wa wani ƙato da ba mijina ba cewa ciki nake nema? A wurinmu ko cikin ya girma har yana riga ki shiga ɗaki, ba ki cewa kina da shi, sai dai a ce ba ki jin daɗi. Don haka na sa wa maganata riga da zane, na sunkuyar da kai na ce ina son allurar da ake yi wa mace kafin ciki ya shiga. Kalmar mura kuwa, ita kaɗai ce babu kunya a cikinta, ita na baro a mota. Mutumin ko ɗaga kai bai yi ba, ya nuna mini ɗakin ƙarshe da bironsa.

Akwai benci a ƙofar ɗakin, da mata biyar a kai. Kowacce ta ja hijabi har kan hanci, ido a ƙasa, ba mai gaisawa da wata. Na ce a raina ashe a birni mura ciwon kunya ce. Abin da ya ƙara burge ni, babu mai tari ko guda. A jikin ƙofar an manna hoton miji da mata da ’ya’ya biyu, ɗaya ya girmi ɗaya sosai, duk suna murmushi. Na ƙura musu ido na ga babu mai majina a cikinsu, na ce lallai allurar nan tana aiki.

Ina nan zaune sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, ta fito daga awon hawan jini. Ita Gwaggo idonta ya lalace wurin zura zare a allura, amma ba wurin gane hijabin surukar gidansu ba. Ta tsaya muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Inna, uwar mijina, ta tambayi ɗiyata, ta tambayi ruwa, duk idonta na kan ƙofar. Daga ƙarshe ta ce ashe nan nake, to Allah shi ba da sa’a. Na amsa amin da cikakken baki, har na ƙara mata da cewa ai na daɗe ina son yi, tsoro ne ya hana ni.

Da layi ya zo kaina na shiga. Malamar asibitin babbar mace ce mai tabarau. Ta tambaye ni yaushe rabona da al’ada, ta sa na kawo fitsari, ta duba ta ce babu ciki. Na ce alhamdulillahi, na zo a kan lokaci. Ta tambaya ko maigida ya sani, na ce shi ya ba ni kuɗin mota ma, ta sa masa albarka ta ce irinsa ba su da yawa. Sannan ta ce in zaɓa, akwai ta wata biyu, akwai ta wata uku, akwai kuma ashanar fata da ake sa wa a dantse ta yi shekaru. Na jinjina wa masu ilimi a zuciyata, mutum ya yi shekaru bai face hanci ba. Na ce a yi mini ta wata uku, ta ishe ni in tsallake damina.

Ta zuƙi maganin, ta goge wurin da auduga mai sanyi. Abin da ya cece ni shi ne halin nan nawa na yawan tambaya da ake yi mini gori a kai.

“Malama, in anka yi min ita, ko ruwa ya dake ni a gona ba ta kama ni?”

“Mi za ya kama ki?”

“Murar.”

Hannunta ya tsaya. Ta mayar da allurar cikin faranti, ta cire tabarau, ta jawo kujera ta zauna a gabana.

“Ɗiyata, dube ni nan. Hutu kika zo nema ko ciki?”

Na shiga ƙirga ’yan yatsun ƙafata. Ta ce tana da mata a waje, kuma ba ta karɓar amsa da kai. Da murya wadda ta sauro ta fi ta ƙarfi na ce na biyun.

Ta yi salati, ta yi dariya, sannan ta saurari labarina duka. Ta ce allurar mura gaskiya ce akwai ta, amma su ba su da ita, sai manyan garuruwa, kuma galibi maniyyata aikin hajji aka fi yi wa. Ta ce ba ta hana ciki, ba ta zubar da shi, ba a kuma jira bayan an yi ta kafin a nemi ciki. Mace na iya yi tana neman ciki, ko tana ɗauke da shi a kowane wata, ko tana shayarwa, duk shekara sau ɗaya. Wato duk lissafin da ya hana ni barci na kafin da bayan, akuya ce ta jawo mini shi. Ta ce abin da ke hannunta shi ne rigakafin sarƙewar haƙora da ake yi wa mata, ta yi mini ita a dantse, ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ja kunnena cewa in ciki ya samu in zo awo da wuri, in kuma zazzaɓi ya taɓa ni kada in kwanta kwana shida ina jiran citta.

Na hau mota ina jin kaina kamar wadda ta sauke karatu. Ban san Gwaggo ta danna wa Inna waya tun ina kan benci ba.

Bayan la’asar na isa. Inna, mahaifiyar maigidana, na zaune a kan tabarma a tsakar gida, shi kuma yana tsaye a jikin rumbu. Rabin sallamata aka amsa. Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma wanda ya san ta ya san wannan ya fi muni. Ta ce tunda ɗiya ɗaya ta gajiyar da ni, har na karɓi kuɗin ɗanta da ƙaryar mura na je na toshe kaina, to in haɗa kayana in tafi gidan ubana in huta sosai, hutun da ba na wata uku ba. Na rantse allurar mura na je nema.

“Shekarata sittin da ɗoriya ina mura,” in ji ta, “ban taɓa ganin wanda anka soke sabo da ita ba.”

Ta ce in ɗaga hijabi. Ga auduga nan manne a dantsena kamar tuta. Na miƙa katin asibitin, maigida ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ba komai sai haruffan boko biyu da kwanan wata. Bai ce in tafi ba, bai kuma ce in zauna ba. Na san in na fita gidan nan da wannan magana a kaina, za ta riga ni isa wurin mahaifina, kuma ko an yi biko na dawo, sunana ya zama wadda ta toshe mahaifa a ɓoye. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne abin da ba a faɗi a gaban suruka ko da wuƙa a wuya.

Na durƙusa na ce, “Inna, ciki nika so. Wanda ya zube ban manta shi ba, kullum sai na ƙirga da yanzu wata nawa gare shi. Tsoro nika ji wani ya zo mura ta sake ɗauke min shi. Kunya ta hana ni hwaɗi a asibiti, shi ya sa anka kai ni wancan ɗaki.”

Maigida nan take ya tuna shanunsa ba su sha ruwa ba, ya fice. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kamar ita ce ta yi maganar. Da ta buɗe fuskar, idanunta sun yi ja, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin marasa kunya irin ’yan zamani ba, a dubi tsabar idonta a gaya mata wannan. Sannan ta turo mini kwanon tuwon da ke gefenta ta ce in ci, mai neman abin da nake nema ba ta wuni da yunwa.

Bayan wata uku aka dace. Cikin na wata biyar maigida ya kai ni Sakkwato awo, aka yi mini allurar murar a can, yaron kuma ga shi nan yana fasa mini kwanoni. Gwaggo har gobe cewa take ita dai abin da ta gani ta faɗa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Abin da na koya shi ne, kunya tana da wurinta, kuma ban yar da tawa ba. Amma mai allura ba ta karanta zuciya, abin da bakinki ya faɗa shi za ta zuƙa. Maganar da na ƙi gaya wa baƙo ta taga, wanda ko fuskata bai kalla ba, ita na dawo na faɗa a durƙushe a gaban uwar mijina. Yanzu in na je asibiti, tun daga bakin ƙofa nake kiran abu da sunansa, wanda kunya ta kama shi ya rufe fuska.