Zaren Stamatis

Shekara arba'in Stamatis kafinta ya yi yana haɗa tsuntsayen takarda a Nafplio ta ƙasar Girka, irin waɗanda ake ɗaura wa zare a saki sama ranar Litinin ta farkon azumin Kiristoci. Shi ya gaya wa 'yarsa Evdokiya cewa daga kalmarsu ta iska, aeras, duniya ta samo sunan jirgin sama, aeroplane. Yakan ce mata, "Saki zaren, 'yata. In kin ƙanƙame ba zai tashi ba."

Ta girma, jirgi ya kai ta Kanada, kuma can aka binne ta.

Bana ma ya hau tudu, amma tsuntsunsa ya ƙi wuce kan itatuwa. Maƙwabciyarsa Froso ta ce, "Tsoho, ka saki zaren mana, kai da ke koya wa mutane."

Ya ƙara naɗe zaren a hannunsa. "Na taɓa saki sau ɗaya, Froso."