Matar da Ta Hana Dubiya

Duk Unguwar Rogo babu wanda bai san Lantana mai masa ba, babu kuma wanda ya taɓa cewa tana da daɗin baki. Shekara ashirin da biyu tana toya masa a ƙofar gida. Ka ce mata gishiri ya yi yawa, ta wanke ka tas. Mutum ɗaya take raga wa a duniya, mijinta Arzika baduku, bawan Allah da ko kaza ba ya iya kora.

Bara da damina mura mai zafi ta kwantar da Arzika. Ya tashi, bai cika mako biyu ba ya faɗi a kan fatunsa yana dafe ƙirji. A asibiti likita ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun daɗe da ƙuntata, kuma mai yiwuwa ƙwayar cutar murar ce ta tada kumburi a cikinsu har ɗaya ta toshe. Ya ce ba a gama tabbatar da abin ba, amma Lantana ta nisanta shi da mai tari da mai atishawa, don zuciyar ba za ta ɗauki na biyu ba.

Ranar da aka sallame shi Lantana ta kife tanda, ta kafa kujera a zaure. Duk wanda ya zo dubiya sai ta dubi hancinsa. Mai jan majina? Koma! Kai, ta sha zagi. Wasu suka ce ta mallake shi, wasu suka ce turancin likita ya fi mata zumunci. Ko a jikinta.

Sai ga Alhaji Maccido, yayan Arzika, yana tari kamar tsohon injin niƙa.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji ta. "Gaishe shi daga nan, shina jin ka."

"Ke! Ni za ki hana wa ganin ƙanena? Ciki guda munka hito! Mi kika zama a gidan ga?"

"Matatai nike. Ba ka shiga da tarin ga."

Hayaniyar ce ta fito da Arzika, yana bin bango. "Lantana, bari. Yaya ne." Abin ya ƙona mata rai, amma ta kauce. Maccido ya zauna a gefen katifa, ya riƙe hannun ƙanensa, ya ja addu'a mai tsawo, ya tofa masa a fuska da ƙirji, sau uku. Da zai fita ko kallonta bai yi ba.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe Arzika. A rana ta tara, da hantsi, ya sake dafe ƙirji, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ajali ne, Lantana ba ta musu. Amma wallahi ba ta yafe ba, ba ta kuma ɓoye ba. Da jama'a suka taru gaisuwa, da dama suka tsaya a zaure suna raɓe-raɓe, don sun san halinta. Maccido na gabansu, tari ya warke sarai. Ta fito, ta janye kujerar nan da ƙafa.

"Ku shiga duka," in ji ta. "Ku yi ta tari. Babu sauran wanda nike tsaro."