Takardar Asalin Da Na Hana 'Yar Maƙwabciyata

Ƙarar ludayi ce a jikin katanga, sau uku, kamar yadda muka saba. Haka maƙwabciyata take kirana in tana son gishiri ko garwashi ko wata magana, don katanga ɗaya ce tsakanin madafarta da tawa a wani lungu cikin unguwar Kusfa. A lokacin ni matar gida ce mai 'ya'ya biyar. Na gama sakandare kafin aure, ina zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi, maigidana ma'aikacin gwamnati ne, gidanmu kuma tsohon gida ne a birnin Zazzau. Ina yi wa kaina kallon mai tausayi, irin wadda ko kaza ba ta iya tsayawa a yanka a gabanta. Da wannan kallon na taka turmi na leƙa ta saman katanga.

Maƙwabciyata bazawara ce, ɗinkin hula take yi tana ciyar da marayu uku. Babbar 'yarta sa'ar tawa ce, tare suka yi firamare da sakandare, tare kuma suka nemi shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta ce mini an buƙaci takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ita kuwa ba a bayar da ita sai mai unguwa ya sa hannu, shi kuma ya ce a kawo dattijo ɗan unguwa ya shaidi uban yarinyar. Ta roƙe ni in yi wa Malam maigidana magana, tunda tare suka yi makarantar allo da marigayin. Har da dariyarta ta ce ita dai ba ta san wata ƙasa ba bayan wannan, in aka kore su ko hanyar tasha ba ta sani ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama.

Ban sauko daga kan turmin nan ba sai da wani abu ya shiga zuciyata. Na san tsarin: ana fara ɗaukar waɗanda suka fi kowa maki, sauran gurabe kuma a raba wa ƙananan hukumomi, kowace da ɗan kasonta. 'Yata ba ta kai sahun farko ba, a kason ƙaramar hukumarmu muke sa rai. Yarinyar maƙwabciyata kuwa kaɗan ya rage ta shiga sahun farkon, ta kuma yi wa 'yata nisa. In ta samu takardar, a layi ɗaya za su tsaya, ita a gaba. Na kuma san wani abu da yaran yanzu ba su sani ba: kakan yarinyar daga Ilori ya zo neman ilimi wajen malaman birni tun yana saurayi, ya zauna, ya yi aure, aka haifi ubanta a nan.

Ban faɗa wa Malam komai ba. Bayan kwana biyu muka haɗu da matar mai unguwa a gidan suna, na jawo hirar makarantu, na saka maganar kakan a tsakiya kamar wadda ta tuna da tsohon labari. Na ƙara da cewa ni dai tsoro nake kada a zo bincike a ga hannun mai unguwa a takardar baƙi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, da wannan na riƙa lallashin kaina a kan sallaya. Mai unguwa ya fara ce musu a dawo gobe, a dawo jibi, har aka rufe karɓar takardu. Sunan 'yata ya fito. Na yarinyar bai fito ba. Aka ce mata ta je jihar kakanta ta nemo takardar, jihar da ko uban da ya haife ta bai taɓa kwana a cikinta ba.

Ranar da labari ya iso wa Malam, wansa ya zo gaisuwa bayan La'asar, suna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa. Yaya ya ce ai gaskiya ce, kaso na 'yan asali ne. Ya ce wasu sassan ƙasar nan sun riga mu shiga boko da shekaru masu yawa, ba don wannan rabon ba da 'ya'yanmu sai dai su leƙa makarantun da ke garinsu ta taga. Malam ya ce bai ƙi ba, an yi tsarin ne don a ɗago wanda aka bari a baya, to amma a lungun nan wa aka bari a baya? 'Yarsa da ke da malamin lesin da ɗakin karatu, ko marainiyar da ke karatu da allura a hannu tana taya uwarta cika hula? Yaya ya ce in aka koma duba talauci, kowa zai zo da yagaggiyar riga ranar tantancewa, har shi Malam ɗin. Malam ya yi dariya ya ce in kuma aka koma tonon kakanni, Yaya ya fara haɗa kayansa, don nasu kakan ma daga Borno ya taho da buzunsa. Can sai ya juyo ya tambaye ni me ya hana matar nan ta neme shi ya yi shaida. Na ce wataƙila kunya ta ji. Har yau in na tuna wannan amsar sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Abin da ya karya ni shi ne halin mutanen nan. Ana gobe 'yata za ta tafi, yarinyar ta shigo da littattafanta na kimiyya da ta rubuta da hannunta, ta ce ƙawarta ta tafi da su, za su yi mata amfani a zangon farko. Ta zauna ta yi mata kitso, suna ta shewa, tana tsokanarta wai kada ta sume ranar da aka fara nuna musu jini. Uwarta ta miƙo ƙullin yaji da daddawa ta saman katanga, ta ce 'yar makaranta ba ta rabuwa da su. Washegari yarinyar ta koma kan littattafan jarrabawa daga shafin farko, da rana kuma tana koya wa yaran lungu karatu a zaurensu. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan abin da ya same ta ba.

Sai da aka yi wata huɗu matar mai unguwa ta faɗa mini, cikin hira, cewa ai tun a makon farko ta gaya wa maƙwabciyata daga inda maganar ta fito. Wato duk yajin nan da daddawar, duk gaisuwar asuba da ta ci gaba da yi mini, ta san komai. A ranar na kasa cin abinci. Na sa hijabi na zagaya ta ƙofar gidanta, abin da na fi shekara ban yi ba don katanga ta ishe mu. Na same ta tana zare. Na fara magana kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta ji zafi ƙwarai, har ta yi sati ba ta iya kallon katangar, amma ta duba ta ga ita ma uwa ce, ta san abin da tsoro ke sa uwa. Ta ce ba ta gaya wa 'yarta ba, don ba ta son yarinyar ta tashi da ƙullin maƙwabci a ranta. Ta ce ta yafe nata, amma shekarar da aka ci ta 'yarta ce, ba tata ba, don haka ba ita za ta yafe ta ba.

Na faɗa wa Malam. Ya yi kwana uku in ban da sallama ba abin da ke haɗa mu. A na huɗu ya ɗauki limamin unguwa suka je wajen mai unguwa. Aka ce liman, tsoho da sandarsa, cewa ya yi shi ya sallaci kakan, shi ya raɗa wa uban suna, shi ya sallace shi, in ƙasar da ta rufe mutum biyu ba ta isa shaida ba, to a faɗa masa abin da ya isa. Aka sa hannu. Shekarar da ta biyo baya yarinyar ta sake jarrabawa ta shiga, kuma a sahun farko, ba ta ma buƙaci kason kowa ba. Na nemi gafararta da bakina. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, Umma, amma na ga hawayenta ya ɗiga a kan hular da ke cinyarta.

Ni ba masaniyar tsarin ilimi ba ce, kuma har yanzu ina ganin akwai gaskiya a maganar Yaya. Amma na ga da idona yadda abin da aka yi don mai rauni ya zama sanda a hannun mai ƙarfi, kuma hannun nawa ne. Ina roƙon masu tsara waɗannan abubuwa su riƙa duba halin gidan da yaro ya fito, ba garin da kakansa ya baro kaɗai ba. 'Yan'uwana mata kuma, ku ji tsoron gaskiyar da ake faɗa don a cutar. Ku ji tsoron son 'ya'ya in ya kai ga taka na wasu, don Allah Yana ganin niyya ko da harshe bai yi ƙarya ba.

Wadda na fi jin nauyin faɗa wa ita ce 'yata. Da ta zo hutu na zaunar da ita na ce duk abin da na yi don ita na yi. Ta dube ni ta ce: "Umma, da kin tambaye ni. Wallahi da ni zan jira shekarar."