Ƙyamaren da ke cikin ƙirjin madugu

A gidanmu na unguwar Dagmanet, idan ɗari ya kama Agadas, ana gama tuwon magariba sai mu kewaye kakata Azara, uwar babanmu. Tana zaune gaban garwashi, tukunyar tazargade na tafasa, ƙamshin ganyen nan mai ɗaci ya cika tsakar gida. Ba ta fara magana sai ta ga kowa ya nutsu.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "wanda bai gyara zama ba ta wuce shi."

Tatsuniyar da ta fi tsaya mini ita ce ta madugu Alhassan, mai kai ayarin raƙuma Bilma ɗaukar gishiri da dabino. Mutum ne mai ƙarfi, mai son nama da kitse, taba kuma ba ta barin bakinsa. Wata shekara, a tsakiyar rairayi, ya ji numfashi ya ƙi isarsa. Da ya kwanta sai ya ji wani abu na kuka cikin ƙirjinsa kamar tsohon ƙyaure. Mutanensa suka ɗora shi bisa raƙumi, suka kai shi wurin wata tsohuwa mai magani a duwatsun Bagzan.

A nan Kaka take rage murya, mu kuma mu matso. Tsohuwar ta sa kunne a ƙirjin madugu, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce: "Ɗana, a zuciyar kowa akwai ƙananan ƙyamare, suna buɗewa jini ya wuce, su rufe. Tun kana cikin uwarka ba su huta ba. Naka sun yi tsatsa, ɗaya ya fara zama dutse."

Ta ba shi tafarnuwa da zoɓo da tazargade, ta raba shi da kitse da taba. Madugu ya ce yaushe zai koma Bilma. Ta ce: "Ganyena yana tare tsatsar da ba ta zo ba. Wanda ya riga ya zama dutse, ba ni da hannun da zai mai da shi nama." Madugu ya rayu, amma bai sake ratsa hamada ba.

Mukan yi gardama. Wace irin tatsuniya ce wannan, mai magani ta kasa? Kaka ta ce haka ta ji ta, ba za ta ƙara mata gishiri ba. Ni dai nakan kwanta hannuna a ƙirji, tsoro da mamaki sun cika ni, wai akwai ƙofofi a cikina da ke aiki ban sani ba.

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da babanmu, direban babbar mota, ya yanke jiki ya faɗi yana ɗaure kaya. Muka kai shi Yamai. Lokotoron zuciya, wata mace mai sanyin magana, ta shafa masa na'ura a ƙirji ta juyo mini allon. Sai ga su. Ƙananan ƙyamare suna buɗewa suna rufewa, ɗaya kuwa fari fat, da ƙyar yake motsi. 

Ta yi mini bayani da Faransanci, ta ce oxydation, wata irin tsatsa da ke cin jijiyoyin jini a hankali har su sandare. Na tambaye ta maganin gargajiya. Ta ce ana binciken tsirrai da yawa don rage wannan ɓarna, amma ƙyauren da ya sandare haka sai an yi tiyata an canza shi.

Baba ya ƙi. "Ku mai da ni gida," ya ce. "Tazargaden Inna ya ishe ni. Ba mai tsaga mini ƙirji."

Na zauna bakin gadonsa na ce, "Baba, me tsohuwar Bagzan ta ce wa madugu?"

Ya dube ni. Ashe shi ma da tatsuniyar nan aka yi renonsa. Ya juya fuska ga bango, can ya ce, "Kira lokotoron."

An sa masa ƙyaure na ƙarfe. Yau in gida ya yi tsit, ana jin sa yana ƙas-ƙas kamar agogo, jikoki na rige-rigen sa kunne a ƙirjinsa.

Ina yaro na ɗauka tsohuwar Bagzan ta gaza. Sai da na girma na gane ba ƙaramin abu ba ne mai magani ya faɗi inda saninsa ya tsaya, ga marar lafiya yana roƙon a yi masa ƙarya. Da ta yi wa madugu alkawarin warkewa, da yanzu ba mu da uba.